Fankar Falonmu

Masu karatu, yau a gaggauce nake rubuta muku, in kun ga na tsallake wani abu ku yi min uzuri. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san sirrin da ko Ummana ba ta sani ba, sababbin zuwa kuma bari in faɗa muku a gajarce: ni ce Kyanwar Falo. E, waccan mai fuskar kyanwa da siririyar murya, wadda ke kallon bidiyon mutane tana yi musu sharhi. Fuskar manhaja ce ke liƙa min ita, muryar ma ita ke matse ta. A gida kuwa ni ce Auta, salihar Abba, wadda in baƙo ya shigo ko ido ba ta iya ɗagawa.

Da wasa na fara. In Abba ya fita aiki Umma ta shige ɗaki, sai in jingina waya da kwalbar furen roba in zauna a ƙasan falo, in ɗauko jarumin fim ɗin da aka harba amma ya tsaya yin jawabi kafin ya faɗi, ko mutumin da ya koya wa akuyarsa buɗe firij, in yi ta zuba. Bakina ba ya da linzami, wannan tun ina ƙarama aka sani. Kafin in ankara mabiya sun yi dubbai.

Komai na ɓoye. Labule nake saukewa, in kife hotunan bango, in lulluɓe kujera da tsohon zanin gado. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina, fankar falonmu. Ta girme ni, kuma makunninta ya lalace tun ina firamare, Abba ya sa aka haɗa wayarta kai tsaye. In da wuta tana juyawa, in babu tana hutawa, babu mai iko da ita. Ga ta da wata ƙara tata ta kanta: ƙyak, ƙyak, sai ta ja wani dogon nishi, ƙurrr. Masu kallo suka ɗauke ta suka mai da ita abokiyar aikina. Har wani ya yanki ƙarar ya haɗa kiɗa da ita, 'yan mata suna rawa a kai. Ni ma na biye musu, in na ga abin mamaki sai in ɗaga kai in ce, "Fanka, ke ma kin gani ko?"

To, ana nan sai wani bidiyo ya faɗo hannuna. Wata dattijuwa ce a babban kanti, an ɗauke ta daga nesa, ta hau matakalar nan ta lantarki mai tafiya da kanta, amma ta hau wadda ke saukowa alhali sama take son zuwa. Tana taku matakala na mai da ita baya. Takalmi ɗaya ya fice, mayafi ya zame, amma wata 'yar leda rawaya da ke hannunta ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta ƙi saki ko da ta durƙushe. Na yi dariya har da hawaye. Na sa mata suna Gwaggon Matakala, na tambayi fanka ko zinare ne a ledar, sannan na ce abin da ya zame min bala'i: "Riƙe da kyau Gwaggo, ƙasa babu katifa."

Maganar nan ta zagaye ko'ina. Ko yaro ya yi tuntuɓe a hanya sai ka ji an jefa masa ita. Ni kuwa ina ta jin daɗi, kaina ya yi girma.

Yanzu bari in kawo muku Mai Gilashi. Haka na ajiye sunansa a waya, haka kuma zai zauna a nan. A ɗakin magani na asibiti yake aiki, mutum ne da ko a saƙon waya sai ya sa aya da waƙafi. Ba ya kallon irin bidiyoyinmu, ya ce suna sa masa ciwon kai. Duk samarin da na kora da tsokana, shi ne kaɗai in na zolaye shi sai ya gyara gilashi ya yi murmushi ya ce in ci gaba yana ji. Ina son sa. Ban taɓa rubuta muku wannan ƙarara ba, yau na rubuta. Umma kuwa ta riga ta ja min kunne, ta ce in na kuskura wannan ma ya suɓuce saboda bakina, in nemi wata uwar.

Ran nan da yamma ya zo, muka zauna a baranda kamar kullum, don Abba bai yarda saurayi ya wuce nan ba. Na ga fuskarsa babu walwala, ruwan da na kawo ko kallonsa bai yi ba. Wallahi har na ɗauko waya zan nuna masa abin dariya ko zai sake, kuma kun san wanne zan nuna. Yatsana na kan bidiyon ya riga ni magana.

"Kin taɓa ganin bidiyon wata mata a kan matakala?"

Dariya ta taso min, na danne. Na ce kamar na taɓa ji.

"Mahaifiyata ce."

Ban san lokacin da na kife wayar a cinya ba. Ban taɓa ganin Mami ba, haka suke kiranta a gidansu, ba ta son hoto, kuma a bidiyon bayanta aka fi gani. Amma maƙwabta sun gane mayafinta, sun gane tafiyarta. Ya ce tun da abin ya bazu ta daina fita, ko gaisuwar rashin lafiya aike take yi, saboda ranar da ta leƙa bakin titi yara suka bi ta suna ƙasa babu katifa. Ya ce wanda ya ɗauki bidiyon bai dame shi ba, don kafin Kyanwa ta taɓa shi babu wanda ya kalla. Bai ɗaga murya ba, ya dai cire gilashin yana gogewa da gefen riga, ya ce duk macen da za ta mai da uwar wani abin dariya, ko hanya ba ya fatan ta haɗa su.

Na ce, "Allah ya kyauta," da wata murya da ni kaina ban gane ta ba.

Sai ya ƙara min da wani. Ƙanwarsa, wadda suke kira 'Yar Sanda tun tana ƙarama saboda babu abin da ke ɓata a gidansu ba ta tono shi ba, ta rantse sai ta gano Kyanwa. Ta bi bidiyoyina ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu fuska babu murya, amma akwai fanka. Ta ajiye ƙarar a wayarta, ta ce ko a mafarki ta ji ta za ta gane.

Yana tafiya na goge bidiyon, na rufe shafin. Amma ina amfani, an riga an kwafe shi a wurare ba iyaka. Na daina cin abincin kirki. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in an buga ƙofa gabana ya faɗi. Fankar da nake wasa da ita ta koma in na ji ta sai tsigar jikina ta tashi.

Shekaranjiya saƙonsa ya shigo: "Albishir. Mami ta ce za ta fita, kuma gidanku za ta fara zuwa. Tana son ta ga Umma, ta gan ki. Ƙanwata ce za ta kawo ta." Har da ɗan hoton fure a ƙarshe, abin da bai taɓa sawa ba.

Na samu Abba na ce fankar nan fa ta tsufa, ko a kira mai gyara kafin baƙi su zo. Ya dube ni ta saman jarida ya ce fankar da ta yi renona ba za ta ji kunyar baƙona ba. Na koma wurin Umma na ce ko a sauke su a ɗakinta, ya fi sirri. Ta ce wato ta sa an canja wa kujerun falo riga don aljanu su zauna a kai. Na shige banɗaki na kira Yaya, babbar yayarmu da ke gidan mijinta, ita kaɗai a danginmu ta san ni ce Kyanwa. Sai da ta gama wanke ni tas, sannan ta ce in saurara: akwatin wuta na bayan ƙofar kicin, in sauke babban makunni kafin su iso, kowa zai ɗauka ɗauke wuta aka yi.

Jiya da hantsi Umma ta tayar da gidan. Aka goge kabad ɗin gilashi, aka fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa shan komai da su ba, aka jera kek da biskit da lemo mai sanyi. Ta zaɓar min doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da farin mayafi, ta ce kar in cika kwalli kar a ce ido gare ni. Ina jin ƙarar mota a ƙofar gida na zame kicin, na miƙa hannu bayan ƙofa na ja makunnin ƙasa. Firij ya yi shiru. A falo fanka ta yi ƙyak na ƙarshe ta tsaya.

Umma ta yi salati, ta ce mutanen nan ba su tashi ɗauke wuta ba sai yau. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin rashin wuta irin na lokacin ba.

Mami ta shigo a hankali, 'yar gajeriya, fuskarta a sake, tana taku kamar mai gudun ta dami ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ƙafarta, ta ce ashe ɗanta bai iya ba da labari ba, ya rage min kyau. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. 'Yar Sanda na biye da ita, doguwa kamar yayanta, waya a hannu, idanun nan ƙyar a kan komai. Ta kalli labule, ta kalli kabad, ta ɗaga kai ta kalli fanka. Sai ta ce, "Anti, gidanku ya yi kyau," ta zauna.

Hira ta kankama tsakanin iyayen, ciwon gwiwa, tsadar kaya, yaran zamani. Zafi kuwa ya fara aikinsa. Kek ya fara naso, Mami na share wuya da gefen mayafi, Umma ta miƙo min mafici ta ce in yi wa baƙuwa fifita. Na karɓa da hannu biyu, na yi ta yi kamar a nan za a ba ni aljanna. A raina ina cewa Allah ka sa su gaji da zafin su tafi da wuri, Allah na tuba, daga yau ko akuya ba zan ƙara yi wa sharhi ba.

Umma ce ta fara jawo maganar, ba da mugun nufi ba. Ta ce ta ji abin da marasa tarbiyya suka yi, Allah ya saka mata. Ta ce ita da za a nuna mata uwar yarinyar nan da sai ta tambaye ta wane irin reno ta yi. Mami ta yi murmushi kawai ta ce ya wuce. 'Yar Sanda ta ce bai wuce ba, ita fa saura ƙiris, ta riga ta gane ba ɗakin haya ba ne, falon gidan iyaye ne, kuma mai yin abin da rana take yi lokacin da manya ba sa kusa.

"Anti, ke kina kallon ta?" ta tambaye ni.

"Ba sosai ba," na ce. Na ƙara saurin fifita.

Daidai nan talabijin ɗin maƙwabta ya ɓarke da kiɗan talla, ta bangon da ya raba mu. Wannan ne ban lissafa ba, ni da Yaya duka. Umma ta karkata kai ta ce ikon Allah, su waɗancan janareta suka saya? Na ce wataƙila. Sai ga sallamar Abba, ya dawo da wuri musamman don ya gaisa da baƙi. Bayan gaishe-gaishe ya tsaya tsakiyar falo yana kallon yadda kowa ke zufa, ya ce ai duk layin nan akwai wuta, har mai aski na aiki. Ya ajiye jakarsa ya nufi kicin.

Na so in tashi in tare shi. Me zan ce? Abba tsaya, kar ka kawo wuta? Ina ji ya ja ƙofar kicin, ina ji yana mita wai wane ne ya taɓa akwatin nan. Sai ƙas. Firij ya ɗauka. Ƙwan falo ya kama.

Fankarmu ba ta tashi da sauri, sai ta yi ta jan jiki tukuna kamar mai ciwon baya. Na zuba mata ido, fukafukan suka motsa, suka zagaya, suka ƙara zagayawa. Umma na cewa alhamdulillahi.

Ƙyak.

'Yar Sanda ta ɗago daga wayarta.

Ƙyak.

Amma ba ita na kalla ba, Mami na kalla, don na ji hannunta da ke kafaɗata ya yi nauyi. Ta ɗaga kai sama a hankali, ta dubi fankar, sannan ta sauko da idonta a kaina. Babu faɗa a idon, babu mamaki ma. A nan na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba: duk ƙwaƙƙwafin 'Yar Sanda, babu wanda ya kai matar nan yawan kallon bidiyon. Ita kaɗai a ɗaki, tana maimaita shi.

Kafin fanka ta ja dogon nishinta Mami ta dire kofi a kan faranti da ƙarfi, ta yi tari, ta ce wa 'yarta ta je mota ta ɗauko mata saƙon da ta bari a kujerar baya.

"Mami tsaya, kamar na ji..."

"Na ce ki je."

Ta fita tana waiwaye. Ƙofa na rufuwa fanka ta saki ƙurrr ɗinta, cikakke, irin wanda dubban mutane suka haddace. Mami ta juya ga Umma da fara'arta ta ce iskar fanka na tayar mata da ciwon ƙirji, in babu damuwa su koma baranda. Umma ta hau ba da haƙuri, aka kwashi kofuna aka fita, aka ja ƙofar falo. Ni na ɗauko tire na bi bayansu.

'Yar Sanda ta dawo, idonta na kan ƙofar falon da aka rufe. A hannunta kuwa 'yar leda ce rawaya.

Na gane ta tun kafin ta iso. Mami ta karɓa ta ɗora min a cinya, ta ce in buɗe. Turare ne, mai tsada, kwalin ya lotse ta gefe ɗaya. Ta ce ranar da ɗanta ya fara yi mata maganata ta kasa zama, ta ce sai ta je da kanta ta zaɓo wa yarinyar nan abu, ba aike ba. Ba ta taɓa shiga kantin ba sai ranar. Ta ce in yi haƙuri da kwalin, faɗuwa ta yi da shi, amma kwalbar ba ta fashe ba don ta riƙe ta da kyau.

Umma ta ce Allah sarki, har da share ƙwalla. Ni kuwa kukan da ya zo min ba na kunya ba ne irin wanda suka ɗauka. Ledar da na tambayi fanka ko zinare ne a ciki, tawa ce. Na ji na tsani bakina, na tsani wayata, kuma tsoro bai sake ni ba ko kaɗan, don ban san me matar nan take shirin yi da ni ba.

Da suka tashi tafiya Umma ta ce in raka su. 'Yar Sanda ta yi gaba za ta juyo da mota, har lokacin ba ta ƙara ce min komai ba. A 'yar matakalar ƙofar gidanmu ƙafata ta gurɗe, na yi taga-taga. Mami ta cafke wuyan hannuna, riƙo mai ƙarfi da ban zaci tana da shi ba. Ta matso daf da kunnena, murya ƙasa-ƙasa yadda ko Umma da ke bayanmu ba ta ji ba.

"Riƙe da kyau 'yata," ta ce. "Ƙasa babu katifa."

Sai ta ƙara da cewa:

"Gobe da la'asar ki zo gidana, ke kaɗai. Ki taho da wayar. Shi ban faɗa masa ba tukuna."

Ta gyara min mayafina da ya zame, ta shiga mota.

Goben ita ce yau. Na yi wanka, na sa kaya, turaren na gabana na kasa fesawa. Saƙon Mai Gilashi na nan tun safe ban amsa ba: "Mami ta ce akwai maganar da za ta yi da ni a kanki, amma sai ta ƙara ganin ki. Me kika yi mata haka, ta kasa daina zancenki?" Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Ga la'asar ta kawo kai, Umma na ƙwala min kira wai kar in sa surukata jira, fanka kuma tana ta juyawa a saman kaina.